Dasashi na fitowa in an yi dariya: allura, rage dasashi, wayar haƙori ko aikin muƙamuƙi?

Autarmu ba ta dariya sai da gefen mayafi a baki. Tun tana ƙaramar sakandare wata 'yar ajinsu ta laƙaba mata “Mai Dasashi”, sunan kuwa ya biyo ta har gida. In ta saki jiki ta ƙyalƙyale, leɓenta na sama sai ya ɗage, jan naman da ke saman haƙora ya fito fili, haƙoran su koma 'yan gajejjeru kamar na yaron da bai yi famfara ba. Duk hotunan bikin gidanmu, ita ce wadda ta tsuke baki kamar an yi mata faɗa.

Da aka sa ranarta bayan Babbar Sallah, sai ga ta da daddare ta shigo ɗakina da waya a hannu. “Yaya, don Allah kalli wannan. Allura ce kawai, ko minti goma ba a yi.” Bidiyon wata ce a Instagram, ga hoton kafin ga na bayan, dasashi ya ɓace kamar an goge da tsumma. Har ta samo lambar wata mai shagon kwalliya da ta ce za ta zo gida ta yi mata.

Kakarmu tana kan sallaya tana jin mu. Ta ce, “Ikon Allah. Mu da muka ci goro muka goga fure don baki ya yi ja a gani, ku kuma wurin ɓoye shi kuke nema.” Gaskiyarta. A garin da ake yi wa wushirya kirari, ake dawowa daga aikin Hajji da haƙorin Makka, ba wanda zai ce an taɓa ɗaukar buɗe baki abin kunya. Fitowar dasashi ba ciwo ba ce, kuma akwai waɗanda ita ce ma ke ƙawata musu fuska. Amma Auta abin ya daɗe yana cin ta, ni kuma na gwammace mu je wurin likitan haƙori da ta kira mai shago. Mun je, mun koma, mun yi tambayoyi har na fara jin nauyi. Abin da na fito da shi shi ne, dariyar iri ɗaya ce a ido amma sanadinta ya kai biyar, kowane kuma da nasa magani. Wanda ya zaɓi magani kafin a gano sanadi, ko dai kuɗinsa su tafi a banza, ko a taɓa masa abin da lafiyarsa ƙalau.

Likitar ba ta fara da maganar allura ba. Wani siririn ƙarfe ta ɗauko mai zane-zanen awo a jiki. “Ki ce ‘mama’, sai ki saki bakinki haka nan.” Ta auna daga ƙasan hanci zuwa bakin leɓe, milimita 21. Ta ce daidai ne, na mace yakan kama tsakanin 20 da 22, na namiji ya ɗan fi haka. Haƙorin da ke leƙowa a lokacin da baki ke sake, milimita 3, shi ma ba laifi. Sai ta ce a yi dariya. Nan aka samu matsala, don wadda ta yi shekara goma tana ɓoye dariya ba za ta yi ta da umarni ba. Wani yaƙe ta yi na ɗaukar fasfo. Sai da na tuno mata ranar da ragon layya ya tsinke ya bi ta har banɗakin tsakar gida, sannan ta fashe, likitar ta yi wuf ta ɗauki hoto ta auna. Dasashi milimita 5. Abin da ake gani daidai shi ne 1 zuwa 2, in ya haura 3 ko 4 ne ido ke fara tsayawa a kansa.

Daga nan ta auna haƙorin gaba. Tsawonsa 8, faɗinsa 8 da rabi. Ta juya mana madubi: “Kun gani? Haƙorin gaba na babba yakan kai 10 zuwa 11, kuma tsawonsa ya fi faɗinsa. Nata kamar murabba'i. Haƙorin yana nan da tsawonsa, dasashi ne ya rufe shi bai ja baya ba.” Ta ƙara da cewa leɓen ma yana ɗan wuce gona da iri, domin ya ɗaga milimita 10, alhali 6 zuwa 8 aka saba gani. Wato Auta sanadi biyu gare ta, babba da ƙarami. Allurar da ta ƙwallafa rai a kai ƙaramin kawai za ta taɓa.

Sauran sanadan ga su. Akwai wanda leɓensa na sama gajere ne tun halitta. Akwai wanda haƙoransa na gaba suka zazzago ƙasa fiye da kima suka jawo dasashi tare da su, irin wanda in ya haɗe baki na sama ke rufe na ƙasa ruf. Akwai kuma wanda ƙashin muƙamuƙinsa na sama ne ya yi tsawo: fuskar doguwa, leɓɓa ba sa haɗuwa sai an matsa, haƙora a waje ko ba a dariya, dasashin kuma har can gefe wajen turame ake ganinsa. Masu sikila ma wani lokaci muƙamuƙin sama kan turo gaba, saboda ɓargon ƙashi yana faɗaɗa wajen ƙoƙarin ƙera jini, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu.

Kafin duk waɗannan akwai sanadi mafi arha, wanda aka fi tsallakewa: kumburi. Dauɗar da ta daskare a gindin haƙori tana sa dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini in an goga asuwaki ko buroshi. Juna biyu na ƙara shi. Kwana da baki buɗe saboda toshewar hanci na ƙara shi. Wasu magunguna kuma girma suke sa dasashi ya yi har ya hau kan haƙori: fenitoyin na farfaɗiya, wanda kusan rabin masu shansa ke samun haka, da nifedifin da amlodifin na hawan jini, da saikulosporin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Amlodifin kuwa gidaje nawa ne a Zariya babu shi a kan durowa? Wani kawunmu ya yi wata da watanni yana kurkure baki da ruwan gishiri, yana cewa sanyi ne, ashe maganin hawan jininsa ne. Irin wannan ba a fara masa da wuƙa. Wankin haƙori ake yi a asibiti, a koma wurin likitan da ya rubuta maganin ya duba ko zai sauya, kuma kada mutum ya daina sha da kansa. In aka yanke dasashin alhali ana kan maganin kuma ba a gyara tsaftar baki ba, dawowa zai yi. Ita ma Auta wanki aka fara yi mata, aka ce ta dawo bayan mako biyu a sake awo.

To, bari in fara da rage dasashi, tunda shi na gani da idona. Iri biyu ne, kuma bambancinsu ne ke raba aikin da ya zauna da wanda ya koma gidan jiya. Na farko, a yi allurar kashe zafi a datse gefen dasashin da ya yi yawa, da wuƙar tiyata ko leza (haske mai yanka) ko na'urar lantarki, a fito da haƙorin da ke ɓoye. Ƙasa da awa guda an gama, mutum ya tafi gida da ƙafarsa. Na biyu, a ɗaga dasashin, a ɗan kankare bakin ƙashin da ke riƙe da haƙori, a mayar a ɗinke. Me ya sa za a taɓa ƙashi? Saboda jiki yana son tazarar kusan milimita 3 tsakanin bakin ƙashi da bakin dasashi. In ƙashin yana kusa aka datse nama kawai, cikin 'yan watanni naman zai sake tofowa ya nemi tazararsa, ko ya zauna kullum a kumbure. Shi ya sa likitan kirki ke ɗaukar hoton ƙashi, ya kuma soka ma'auni bayan an kashe wurin ya ji inda ƙashi yake, kafin ya ce ga irin da za a yi.

Kalmar leza tana ruɗar mutane, har ana ƙara mata kuɗi. Tana rage zubar jini, sau da yawa ba a buƙatar ɗinki, wannan gaskiya ne. Amma leza wuƙa ce kawai ta wani salo; ba ta sauya inda ƙashi yake. Wanda ke buƙatar iri na biyu aka yi masa na farko da leza, ya dai biya kuɗin aiki mai kyan gani na wata uku.

Alherin wannan hanya shi ne in an yi ta a kan wanda ta dace da shi, sau ɗaya ce. Saman wurin yakan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma layin dasashi ba ya gama zama sai mako shida zuwa wata uku, in an taɓa ƙashi ma yakan fi haka. Illarta, ba a mayar da abin da aka yanke. In aka zarce, saiwar haƙori ta fito, ruwan sanyi ya riƙa tsirawa har ƙwaƙwalwa, wani lokaci kuma 'yan ramuka baƙaƙe su bayyana tsakanin haƙora. Wanda haƙoransa ke da cikakken tsawo tun farko, wannan ba nasa ba ne sam, sai dai a mayar masa da su zaƙo-zaƙo. Ba a kuma gaggawar yi wa yara, domin dasashi kan ci gaba da ja baya da kansa har ƙarshen shekarun samartaka. Mai ciwon suga sai sugan ya daidaita, mai shan taba kuma warkewarsa na jinkiri. In haƙoran sun gajarce ne saboda cinyewa, irin ta masu cizon haƙora cikin barci, akan haɗa da murfin tangaran da ake liƙawa, amma sai dasashi ya gama zama, kuma wannan wani kuɗin ne daban.

Sai allurar Botox, wadda ita ce ta cika wayoyin hannu. Guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, aka tace ta ake amfani da ɗan mitsitsi. Aikinta ta hana saƙon jijiya isa ga tsoka, sai tsokar ta yi sanyi. Ana soka ta gefen hanci dama da hagu, inda tsokokin da ke ɗaga leɓe suka haɗu, sai leɓen ya daina hawa can sama. Ba yanka, ba ɗinki, ba hutun aiki. Takan fara nunawa bayan kwana uku zuwa biyar, ta kai ƙarshen ƙarfinta a mako biyu, sannan ta saki a hankali cikin wata uku zuwa shida. A 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don layin da ke tsakanin gira. Amfani da ita a kan dariya dabara ce da likitoci suka ɗauko daga baya, kuma tana aiki, amma ga mai leɓe mai yawan ɗagawa kaɗai. Ba ta ƙara wa haƙori tsawo, ba ta rage ƙashi. Da Auta ta yi ta ita kaɗai, leɓen zai sauko ya rufe wani ɓangare na dasashin, gajerun haƙoran kuma suna nan yadda suke.

Ina ganin babban amfaninta shi ne gwaji. Wanda bai tabbata yana son sabuwar dariyar ba, ga hanyar da zai gani, in bai so ba ya jira ta sake shi. Amma a yi lissafi da kyau. Kuɗin zuwa ɗaya ya fi na kowace hanya sauƙi, sai dai abu ne na sau biyu ko uku a shekara, kayan kuma daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Shekara uku ana yi, an biya kuɗin aikin da zai zauna, ba a kuma mallaki komai ba, kamar mai zaman haya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hannun da zai yi ta. Tazarar da ke tsakanin daidai da kuskure 'yar kaɗan ce. In ta yi yawa leɓe ya zazzago ya rufe haƙora, fuska ta yi kamar ta tsufa, furta “b” da “m” ya yi nauyi, kurɓar shayi ta zama aiki. In gefe ɗaya ya fi kamawa, dariya ta karkace. Babu kuma allurar da ke warware ta, sai haƙuri na watanni. Ka ƙiyasta amarya da karkataccen baki ranar kamu. Sannan maganin a firji yake zama, tsakanin digiri 2 da 8, mu kuwa mun san halin wutarmu. Na tambayi mai shagon nan a waya inda take ajiye nata da kuma lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar, sai ta ce, “Hajiya, ai kowa ni ke yi masa,” ta kashe. Ko a Amurka, a 2024, mata da dama sun kwanta asibiti bayan an yi musu jabun wannan allura ko an yi musu a wuraren da ba na lafiya ba. Mai juna biyu da mai shayarwa ba a yi musu, haka mai ciwon raunin tsoka. Amaryar da ke son ta, kada ta bari sai satin biki. Ta gwada tun da sauran watanni, ta ga yadda fuskarta ta karɓa.

Akwai kuma fila, wani ruwa mai kauri da ake cusawa a leɓe ko gefen hanci don ya yi wa leɓen nauyi. Yakan yi wata shida zuwa shekara. Ya fi dacewa da mai siririn leɓe, mu kuwa galibi Allah bai rage mu da leɓe ba. Gefen hanci wuri ne mai jijiyoyin jini, in ruwan ya shiga ɗaya fata na iya mutuwa. Ban ga dalilin da zai sa a fara da shi ba.

Wanda allura ta yi masa daidai amma ya gaji da maimaitawa, akan kawo masa maganar saukar da leɓe. Wasu likitoci biyu a Ajantina ne suka fara bayyana wannan aiki a 1973. Ana yanke siririn ƙyallen fata daga cikin leɓen sama, can inda ya haɗu da dasashi, a ɗinke shi ƙasa da inda yake, sai leɓen ya rasa sararin hawa. Da allurar kashe zafi ake yi, tabon yana ciki ba a gani, zare ya yi kamar mako biyu, a kuma ce kada a yi dariya sosai a wannan lokaci, wanda a gida irin namu hukunci ne mai tsanani. Matsalarsa ɗaya ce amma babba: tsokar tana nan da ƙarfinta tana ja, don haka sau da yawa wani ɓangare na dasashin kan dawo cikin wata shida zuwa shekara. Duk wanda ya ce maka wannan aiki na har abada ne, ka nemi ya nuna maka hoton wanda ya yi wa bayan shekara guda. Hoton mako biyu kowa na da shi.

Wayar haƙori ta waɗanda haƙoransu suka zazzago ko suka turo gaba ce. Ana tura su sama a hankali, dasashi ya bi su. Yanzu har da wasu 'yan ƙananan kusoshi ake ɗaurawa a ƙashi na wucin gadi don a samu abin jingina wajen ja, kuma da su ana gyara wasu da a da sai tiyata. Ita ce hanyar da ke gyara har da yadda ake tauna, ba kyan gani kaɗai ba. Sai dai tana cin lokaci, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye, da komawa wurin likita kusan kowane wata. Ƙwararrun wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan, don haka in naka yana Kaduna ko Kano, ka sa kuɗin mota da ranakun aiki cikin lissafi. Rake, ƙashin kaza, goro da tuwon madara mai tauri, duk sai an yi musu sallama. Bayan an cire kuma akwai abin riƙe haƙora da ake sawa da dare, wanda in aka yi wasa da shi haƙoran su kama hanyar komawa. Ƙarfen kwalliya da 'yan mata ke liƙawa a shago don gayu ba shi ake nufi ba, wannan ɓata haƙori yake yi.

Na ƙarshe shi ne babba, aikin muƙamuƙi. In ƙashi ne ya yi tsawo sosai, musamman in dasashin da ke fitowa ya haura milimita 8, sauran hanyoyin duk rufa-rufa ne. Aikin ana kiransa Le Fort na ɗaya, da sunan wani likitan Faransa, René Le Fort, wanda a 1901 ya bayyana layukan da ƙashin fuska ke bi in ya karye. Ta cikin baki ake shiga, a yanke muƙamuƙin sama a kwance, a rage masa tsawo, a ɗaga shi a ɗaure da 'yan faranti da kusoshin ƙarfe. Sai an sa mutum barci, sai an kwana asibiti, fuska ta kumbura na makonni, a yi kusan mako shida ana kunu da fate da abinci mai laushi. Leɓe da kumatu kan yi dindiris na wani lokaci, hanci na iya ɗan faɗaɗa, kuma galibi sai an sa waya kafin aikin da bayansa, wato magana ce ta shekara biyu zuwa uku gaba ɗaya. Ba a yi sai ƙashi ya gama girma, wajen shekara 18 zuwa sama. Mai sikila kuwa, sa shi barci da zubar jini ba ƙaramin abu ba ne, dole likitan jininsa ya shiga maganar tun farko.

Ra'ayina a nan a fili yake. Wanda leɓɓansa ba sa rufuwa, bakinsa na bushewa, tauna na ba shi wahala, wannan aiki zai sauya masa rayuwa, kuma ya cancanci wahalarsa. Amma don milimita 4 na dasashi a hoton biki, ba zan bar ɗan'uwana ya kwanta a yanka masa ƙashin fuska ba. Mu a Zariya mun yi sa'a, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen haƙori da tiyatar fuska da muƙamuƙi, a Kano ma akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Irin wannan aiki can ne muhallinsa. Ko don awo da jin ra'ayi na biyu ma ya isa a je, a yi haƙuri da layi.

Ta fuskar aljihu, wanki ne mafi sauƙi, sai allura in zuwa ɗaya ake magana, sai rage dasashi da saukar da leɓe a tsakiya, waya da aikin muƙamuƙi a sama. Inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan aikin kwalliya, don haka a nemi a rubuto jimillar kuɗi tun farko, har da hoto, magani, cire zare da dawowa dubiya. A kuma tabbata mai aikin likita ne mai rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya. Tambaya ɗaya ta ishe ka gane inda ka shiga: “Likita, mene ne sanadin nawa?” In aka amsa maka da farashi maimakon awo, ka ɗauki takalminka.

Babanmu da aka kai masa maganar, ba kuɗi ya fara tambaya ba. Cewa ya yi, “Wannan ba canza halittar Allah ba ne?” Tambaya ce da ta kamata, domin hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya ambaci masu goge haƙora su buɗa tsakaninsu don ado. A gefe guda kuma ga Arfaja, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi, aka ba shi izinin sa na zinare. Daga irin waɗannan ne malamai ke bambanta gusar da aibi ko cuta da neman ƙarin ƙawa. Inda kowane mutum ya faɗa tsakanin biyun, ba ni zan yanke ba. Baba ya ɗauki hoton awon ya tafi da shi wurin malaminsa a cikin birni, ya dawo ya ce tunda haƙorinta ne na asali nama ya rufe, kuma abin na damunta haka, a je a yi.

Wani abu da likitar ta faɗa wa Auta, na ga ya dace kowa ya ji: leɓen sama yana ƙara sauka da shekaru. Dasashin da ke damun 'yar shekara 22, a 40 ya ragu da kansa, a 60 ma haƙoran saman ne ake nema a gani. Saboda haka gara a rage kaɗan a bar saura da a share duka. Duhun dasashi kuma, wanda da yawanmu ke da shi, launin fata ne kawai, ba datti ba ne ba ciwo ba.

Wata huɗu kafin biki aka yi mata iri na biyu, mai taɓa ƙashi, a haƙora shida na gaba. Awa ɗaya da 'yan mintuna. Ta fito da auduga a baki tana yi mini magana da hannu, muka hau Keke Napep zuwa Tudun Wada tana riƙe da ƙanƙara a tsumma. Kwana uku tana shan fura mai sanyi da cokali, an hana ta yaji da abu mai zafi da buroshi a wurin, sai ruwan kurkure da aka rubuta mata. Ranar da aka yi dambu a gidan har da hawayenta. Kwana goma aka cire zare.

Da muka koma a mako na shida, haƙorin gaba ya zama 10 da rabi, dasashin da ke fitowa ya koma 2 da rabi. Likitar ta ce ragowar na leɓe ne, in tana so yanzu ne allura za ta yi ma'ana, kuma akwai lokacin gwadawa kafin biki. Auta ta karɓi madubi ta daɗe tana kallo, ta yi yaƙe, ta yi murmushi, ta sa na sake ba da labarin rago. Sannan ta miƙa madubin ta ce, “A bar shi haka, Likita. In na rufe duka Kaka ba za ta gane ni ba.”